Bahagon da Ba Bahago Ba

Malam Jalo, don Allah ka taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da zai kai ni gaban mai unguwa.

Ni tsohon malamin makaranta ne a cikin Birnin Zariya, gidanmu gidan karatu ne, amma shekara ashirin da biyu ina kaɗa molo a zaurena. Da bayan farcen manuniya nake dukan tsirkiya, babban yatsa ya faɗa kan gajeriyar ta sama. Haka hannuna ya saba. Bana ƙoƙon molon ya tsage, fatar ta saki. Ɗana Zaharaddeen ya turo mini hoton wani molon Turawa mai tsirkiyar ƙarfe, banjo yake ko me, wai zai sayo mini. Na ƙi. Aminina Garba ya ce ya san wani gwanin sassaƙa a Tudun Jukun. To, ɗan gidan malamai ba zai tsaya a ƙofar mai sassaƙa molo jama'a na kallo ba, sai na aiki Garba.

Ga inda tsiyar take. Tun ina yaro ake ce mini Bahago, sunan kakana na ci, amma da dama nake komai. Garba ya je ya ce wa mutumin molon na Bahago ne, bai ƙara ko harafi ba. Shi kuma ya ɗaura mini tsirkiyoyin a juye, irin na mai hagu.

Ranar da aka kawo na tara abokai, har da shayi. Na daki tsirkiya, babban yatsana ya faɗa wayam. Na sake, sai wata ƙara kamar an taka kaza. Zaure ya kwashe da dariya, kuma wanda ya fi kowa har da riƙe ciki shi ne Garba. Shekara arba'in muna tare, Malam. Yau mako uku ban amsa sallamarsa ba, sahu ɗaya muke sallah ina kau da kai. Raina a ɓace yake, na tsani in ji ko tarinsa. Niyyata in jefar masa da molon a ƙofar gida, in karɓi na Turawan, kowa ya kama gabansa.

Naka,
Bahagon da ba bahago ba

Malam Bahago, an yi maka dariya a zaurenka, gaban baƙinka, kuma da ciwo. Garba bai kyauta ba, ya kamata ya haɗiye ta ya nemi gafara. Iyakar laifinsa ke nan.

Sauran naka ne. Mai sassaƙa bai san kakanka ba, abin da ya ji shi ya yi, kuma ya yi shi da kula. Kayan kiɗa da hannu ake zaɓensa, kai kuwa ka aika saƙo saboda kana jin kunyar a gan ka. Ashe shekara ashirin da biyu maƙwabta kurame ne?

Banjo ba zai fisshe ka ba. Wanda bai iya sayen molo daga Tudun Jukun ta bakin wani ba, yaya zai ƙare da na hoton waya? Tsirkiyar ƙarfe kuma sai ta cinye maka farce kafin ka saba. Molon nan bai lalace ba, kwance tsirkiya a sake ɗaurawa aikin yini ɗaya ne. Amincin shekara arba'in ne ba a sassaƙa sabo.

Gobe bayan la'asar ka amsa sallamar Garba, ku hau Keke Napep tare zuwa wurin mai sassaƙar, molon a kan cinyarka kowa ya gani. Ka kaɗa a gaban mutumin ya ga yadda farcenka yake sauka. Da kun isa kuma ka fara miƙa masa hannu, na daman, ya gani da idonsa.

Allah ya huci zuciyarka, ya daidaita tsakaninku.