Kada a Sayar da Motar Marasa Lafiya ta Kwaminmu

Zuwa ga Mai girma Magajin Garin kwaminmu, da sauran zaɓaɓɓun majalisa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, an kuma shigar da hatsi rumbu lafiya. Sunana Yakuba, manomi ne ni a wannan kwamin, wato ƙaramar hukumarmu, dattijo a ƙaramar majami'ar ƙauyenmu. Na rubuta a fili ne don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Maganar tsohuwar farar motar nan ce mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, wadda wani furoje na masu ba da agaji ya bar mana tun muna samari, take ajiye bayan meri, ofishinka, ƙarƙashin itacen bedi da sunan ɗaukar marasa lafiya. Na ji ana shirin sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe.

Na ɗaya, abin da ya same ni. A kakar bana kububuwa ta sari wana Dauda da hantsi, muna yankan gero. Muka kira, direba Isufu ya zo da gaggawa, ba shi da laifi ko kaɗan. A kan fako motar ta yi tafiyarta a hankali. Amma da muka iso tudun rairayin nan na mafitar ƙauye, ya ba ta wuta ta ƙi amsawa. Sai baƙin hayaƙi, da wani huci kamar na zuga-zugin maƙeri. Kan Dauda yana bisa cinyata, ina kallon ƙafarsa tana kumbura, mota tana ja da baya. Maƙwabcinmu Jaɓɓi, makiyayi, shi ya sauke buhunan da ke amalankensa muka ɗora shi. Jaki ya kai mu babbar hanya, daga can muka samu motar kasuwa zuwa likitar Mayahi. Dauda ya rayu, mun gode wa Allah, amma har yau da sanda yake tafiya, kuma ni zan noma gonarsa.

Na biyu, ƙorafina. Wannan mota ba a fito da ita sai manyan baƙi sun zo, ko ranar wani biki. Watanni take yi a tsaye, wai don a yi tattalin man gazwal. Na san niyyar mai kyau ce, amma tsayuwar nan ce ta cuce ta, ta cuce mu.

Na uku, abin da muka gano. Sakataren meri, Allah ya saka masa, ya ba mu izini muka kawo Mamman Sani, wani makaniki daga Tasawa. Ni da Isufu muna tsaye ya fara da abubuwa masu sauƙi. Da ya buɗe matatar iska, ɓeraye ne suka yi gida a ciki, cike da ɓawon gujiya da tsumma. Matatar gazwal kuma ta toshe da dauɗa, don man ya daɗe a tanki har ya yi laka. Ya tsabtace su, aka tada mota, ta ɗan farfaɗo amma hucin yana nan. Sai ya sa Isufu ya ba ta wuta, shi kuma yana bin babban tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji da tafin hannunsa. A ƙasan gwiwar tiyon ya ji iska na fita, roba ta bushe ta tsage. Abin da muke tsoro shi ne turbon kansa. Da inji ya huce ya sa yatsa ya juya farfelarsa, ta juya sumul, ba girgiza, ba yoyon mai. Cewa ya yi, wannan tsohuwa ba ta mutu ba, zama ne ya gaje ta. Ya naɗe tsagar da robar tayar keke don gwaji kawai, muka nufi tudun. Ta haye shi a guje, har mata masu zuwa rijiya suka tsaya suna guɗa.

Saboda haka ina roƙon majalisa, ranka ya daɗe, a janye maganar sayarwa. A saya mata sabon tiyo da sababbin matatu, a zubar da tsohon man tanki, don robar keke ba abin ɗaukar rai ba ce. A bar Isufu ya riƙa fita da ita duk ranar kasuwa, ko da zuwa ƙauye na gaba ne, ta yi zafi ta dawo. Mabuɗin kuma ya zauna wajen manjo, shugaban likitarmu, ba a ofishin da ake rufewa ba. Mu mutanen ƙauyuka, masallaci da majami'a da rugage, mun riga mun yi magana: za mu gina mata rumfa mai ƙofa da hannunmu.

Damina na tafe, kuma a ƙauyenmu kaɗai mata da dama ne ke jiran haihuwa. Kafin ku zauna yanke shawara, ka zo ka shiga motar, ka ba ta wuta da ƙafarka, ka ji yadda take amsawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama mulki da mutunci, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Yakuba manomi, daga yankin Mayahi.