Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara ta Ƙofar Sauri,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa jami'a ta ba ni kujerar farfesa. Makon jiya na tsaya gaban taro na yi lacca a kan yadda shari'a ke ɗaukar mai taɓin hankali, aka yi ta tafi. Na san da kina nan cewa za ki yi, "To Binta, karatun mahaukatan ya ƙare ke nan, ko da saura?" Haka kike kiran fannina tun ina ajin farko, ni kuma in turo baki in ce sunansa nazarin halayyar ɗan Adam.

Akwai abin da ban faɗa a laccar ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin tuna lokacin da ciwo ya kama Yaya Lawal, ɗanki na fari. Ina sakandare. Ya fara magana shi kaɗai a shagon ɗinkinsa na Ƙofar Kaura, daga baya ya farfasa gilashin motar wani bawan Allah. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, abin ya ƙi. Baba ya rasa yadda zai yi, ya sa hannu a takarda aka ajiye shi a gidan yari, wai zuwa ya samu sauƙi. Ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma sa masa ranar fita ba. Har Baba ya rasu Yaya yana ciki.

Duk Juma'a sai kin dama fura in kai masa. Ba ki taɓa cewa in kai wa Lawal ba. Ki turo min ƙwaryar kina kallon bango, ki ce, "Tahi ki kai ma wancan." Ke Bafulatana ce ta asali, alkunyar ɗan fari a jininki take, ko ido ba kya haɗawa da shi, balle sunansa ya fito daga bakinki. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni naki a ƙwarya nake karanta shi, don furar Yaya kullum ta fi tamu nono.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, aka kafa kwamiti ya duba mutanen da aka manta da su a gidajen yari. Lokacin ina ƙaramar malama a jami'a, da sabon digirina na biyu, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro ilimin. Aka sa ni cikin masu duba lafiyar ƙwaƙwalwar ɗaurarru. Da aka zo kan Yaya dole na janye, don mutum ba ya rubuta rahoto a kan ɗan'uwansa. Wani likita ya duba shi, ya ce magani ya karɓe shi, zai iya komawa gida. Saura sharaɗi guda: wanda ya haife shi ya zo ya amsa shi da baki, ya ambaci sunansa a rubuta. In ba haka ba a mayar da shi ɗaki sai wani zaman, wanda ba mai sanin ranarsa.

Ranar zaman kika zo gaban alƙalin da ke shugabantar kwamitin, da mayafinki ruwan toka, na zuwa gaisuwa. Yaya yana tsaye a gefe, rigar ta yi masa yawa. Magatakarda mutumin kudu ne, ya tambaya ta bakin tafinta ko wannan ɗanki ne, kuma mene ne sunansa. Kika sunkuyar da kai. Ya maimaita. Kika ce, "Yaron gidanmu ne." Ina kallo ya fara rubuta cewa uwa ba ta amsa shi ba.

Inna, a nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na miƙe na kama zuba Turanci, ina yi wa alƙali bayanin al'adarmu, ina nuna ki kamar wani darasi a littafi. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce in zauna. Dattijo ne ɗan gari, ya fi ni sanin alkunya. Ya juyo gare ki, ya yi ƙasa da murya, ya ce shi ma ɗan fari ne, kuma har mahaifiyarsa ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba, amma takarda ba ta san kara ba.

Kika daɗe kina murza bakin mayafi. Sannan kika ɗago, a gaban maza baƙi, kika ce, "Ɗana ne. Muhammadu Lawal. Ni na haihe shi."

Aka sallami Yaya, muka ɗauko shi a mota. Muna isa gida kika shige ɗaki, kwana biyu ba ki bari kun haɗu da shi a tsakar gida ba. Daga ranar ba ki sake kiran sunan ba har kika bar duniya.

Tun daga nan na shiga kotuna da yawa ina ba da shaida, na yi rubuce-rubuce ina roƙon a daina ajiye marar lafiya a gidan yari, na yaye ɗalibai har wasunsu sun fi ni iya surutu. Amma duk ranar da na ga mai ba da shaida ya yi shiru, ke nake tunawa, sai in ce a ɗan ba shi lokaci.

Yaya yana nan lafiya, yana shan maganinsa, ya koma kan kekensa, furfura ta cika masa kai. Shi ya ɗinka min kayan da na sa ranar lacca. Muna hanyar komawa gida na tambaye shi abin da ban taɓa iya tambaya ba: me ya fi tunawa a shekarun can? Na zaci zai ce sauro, ko zafi, ko kaɗaici. Ya yi dariya, ya ce shi dai ranar fita ya so magatakardan nan ya ce bai ji ba, don ki sake faɗa.

Sai da na tsayar da mota a gefen titi, Inna. Na yi kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya sada mu da ke da Baba a Aljanna Firdausi. Amin.

Ɗiyarki mai yi miki addu'a kullum,
Binta