Fararen Duwatsun Kwanar Jaki

Riruwai, 6 ga Yuli

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki? Ina fata ƙashin ƙafar ya fara kamawa. Yaya auta Zahra'u da maigidanta da zaman Kano? Allah Ya saka musu da wannan ɗawainiya. Na ba Abdulganiyu direba takardar nan saboda ka san halin waya a bayan dutsen nan, sai mutum ya hau tudu yana ihu kamar mai kiran awaki.

Ban so in tayar maka da hankali kana jinya ba, amma wani yana taɓa duwatsunka. Fararen nan goma sha biyu da ka jera a bakin Kwanar Jaki, don direbobi su riƙa ganin iyakar hanya kada su zurma kwari. Ran Talata zan wuce gona na tarar an janye su ciki wajen taku huɗu, hanya ta tsuke, mota ɗaya ma da ƙyar take wucewa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun ina amarya nake jin tarihin hanyar nan har na haddace: yadda babanka ya ɗauki dutse a ka zamanin Turawan kuza, da aka fasa tsaunin don jakuna su sauko da kaya, yadda ya zama hedman na leburorin hanya, kai kuma ka gaje shi shekara talatin, ka yi ritaya amma ka ƙi ajiye diga da shebur. Na sha yi maka tsiya cewa lafiyar kwalbati ta fi tawa damunka. To yau ga ni na ɗaure ɗankwali a ƙugu, na mirgina su ɗaya bayan ɗaya zuwa inda ka bar su.

Na ga sawun shanu a wurin, da na takalmin roba. Ban ce kowa ba. Amma ka tuna Labaran na rugar ƙasan kwari, wanda kuka yi cacar baki bara da shanunsa suka rusa maka lambatu.

Allah Ya ba ka lafiya. Ka riƙa cin abinci.

Matarka,
Kaltume


Riruwai, 15 ga Yuli

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaisuwa, ina yi maka ya jiki. Na samu saƙonka, na ji daɗi da aka ce ka fara takawa da sanda. Masara ta yi kyau, ruwa kuwa sai godiya.

Ka ce in bar zancen duwatsu sai ka dawo. Ka yi haƙuri, ban iya bari ba, don an sake janye su. Wannan karon na gan shi da idona daga gona. Labaran ne, ya jingine sandarsa yana turawa, yana waige-waige. Da ya tafi na mayar, har na sake shafa musu farar ƙasa don ya san akwai mai kula.

Na yi ta juya abin a raina. Da farko na ce burtali yake nema wa shanunsa a gefen titi. Sai kuma na lura duk motar da ta zo wurin dole ta rage gudu har ta kusa tsayawa, ga daji hagu da dama. Ba na son rubuta abin da zuciyata ke raya mini, amma ka san zamanin da muke ciki. Ban kai wa mai unguwa ba tukuna, ina so in ƙara kama shi.

Sau biyu Labaran ya zo ya yi sallama a ƙofar gida. Daga ciki na amsa cewa maigidan ba ya nan. Shekaranjiya kuma ya turo matarsa Habiba da ƙwaryar nono, ta fara cewa wai yana da magana a kan hanya. Na ce mata maganar hanya ta maza ce, su jira ka. Nonon ma ban sha ba.

Abdulganiyu ya ce ran Asabar ta sama zai ɗauko ka. Na ƙosa, gidan ya yi mini faɗi.

Taka,
Kaltume


Riruwai, 21 ga Yuli

Assalamu alaikum Malam,

Ina fata ka tashi lafiya, kai da yaran. Mu ma lafiya ƙalau, kuma ban taɓa faɗin haka da nauyin baki irin na yau ba.

Ran Laraba na mayar da duwatsun karo na uku. Jiya Alhamis aka wuni ana tafka ruwa. Da la'asar muka ji ƙara, ƙasa ta girgiza har kwanuka suka motsa. Bakin Kwanar Jaki ne ya zaftare ya tafi kwari, Malam, daidai layin da nake jerawa.

Bai fi minti goma ba kafin nan Abdulganiyu ya hauro daga Doguwa da mutum goma sha takwas. Ya ce ruwa ya rufe gilashi, ba ya ganin komai sai farin duwatsun, su ya bi. Ashe da safe, cikin ruwan nan, Labaran ya sake janye su ciki.

Na same shi a wurin, jiƙe sharkaf. Ya ce tun ruwan farko yake ganin jan ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin titi in yana kiwo a kwari. Tsohon ramin kuza ne ya buɗe baki yana cin hanyar ta ƙasa, daga sama ba a gani. Ya faɗa wa wasu direbobi suka yi dariya, ya zo gidanmu na sallame shi daga bayan ƙofa. Waige-waigen da na gani kuwa, motoci yake dubawa. Bai yi mini gori ba ko kaɗan. Abin da ya ce kawai shi ne, “Goggo, na ɗauka yara ne ke mayarwa. Da na san ke ce da na zauna a ƙofar har ki fito.”

Na rasa inda zan sa fuskata. Na zargi bawan Allah da abin da ban iya rubutawa ba, alhali ni ce nake jera wa mutane hanyar kabari da hannuna, ina ganin amanarka nake riƙewa. Gobe kai ma kana cikin motar nan.

Mai unguwa ya aika a sanar da hukuma, kuma ana wucewa a hankali ta jikin dutse. In ka huta, ina roƙon ka raka ni ruga, ni kaɗai ba zan iya haɗa ido da Habiba ba.

In kun iso kwanar na san za ka ƙirga, don haka gara in faɗa maka. Goma sha ɗaya za ka gani. Ruwa ya fi ƙarfin Labaran kafin ya kai ga na ƙarshe. Wannan yana inda na ajiye shi, ya tafi tare da ƙasar.

Allah Ya kawo ka lafiya. Ka yafe mini.

Matarka,
Kaltume