Ragon da Na Yanka wa Masu Igiyar Teku

Sitiya, 4 ga Mayu

Ƙanwata Pelagiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Jamus? Mama tana lafiya, sai gwiwar nan tata.

Wani katafaren kamfanin Amurka ya shimfiɗo igiyar intanet tasa ta ƙarƙashin teku, ta ɓullo gaɓarmu. Da can kamfanoni ke haɗa hannu su shimfiɗa, kowa da rabonsa. Yanzu mai igiya ɗaya ne, kuma dillali ɗaya yake so a garin nan. Shekara sha tara ina hawa rufin mutane ina ja musu waya, wa ya kai ni?

Da injiniyoyinsu suka zo, na yi abin da marigayi Baba zai yi. Na yanka rago, na fito da cuku da giyar gida. Lefteris, babban abokina wanda ya riƙe mini kambin ango a coci ranar aurena, shi ya juya naman, tunda shagonsa na intanet ko ƙuda ba ya shiga. Baƙi suka ci suka suɗe yatsu. Wanda ya ci abincinka ai magana ta ƙare.

Yayanki,
Fanuris

Sitiya, 20 ga Yuni

Pelagiya,

Ina gaishe ku duka. Ni dai jiki lafiya, zuciya ce babu.

Lefteris suka ba wa dillancin. Ashe wata takarda ake cikewa a shafinsu na intanet, shi ya cike, ni ina can ina zaɓen rago. Da na tare shi, cewa ya yi wai ya ɗauka na sani. Mutumin da ni na koya masa riƙe filaya! Yanzu har da farar mota da hular kwano mai sunansa. In ya wuce yana ɗaga mini hannu, sai in ji kamar na haɗiyi garwashi. Kishi nake, ba zan ɓoye miki ba. Har na taɓa fatan angar wani jirgin ruwa ta tsinke igiyar, Allah ya yafe mini.

Igiyar da nake sayen intanet a kanta ina sayarwa ta tsufa, otal-otal sun koma wurinsa. Duk na daure.

Kin ce ranar Lahadi kun ga fuskar Mama tangaram a waya, ba yankewa, har kika yaba mini. Jiya na kai mata magani, na ga sabon akwatin intanet irin na Lefteris a bayan hoton Baba, ta lulluɓe shi da adiko. Ta ce, "Ɗana, jikokina nake son gani."

Ni na gyara mata zaman wayar akwatin, don Lefteris ya ɗaure ta a karkace.

Naki har kullum,
Fanuris