Baba Sixten da Kogin da Ake Rufewa

Yaya Torbjörn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Baba ya tsiro da wata sabuwa. Da zarar kun rufe ƙofofin dam daga ofishinku na birni, kogi ya janye, sai ya sauka cikin duwatsu da bokiti yana tsince 'ya'yan kifin da suka maƙale a kududdufai, yana mayar da su ruwa. Ya ce tsutsotsin ƙarƙashin dutse da suke ci duk sun bushe, shi ya sa kifin bana kai ya fi jiki girma, tsuntsayen bakin kogi ma sun ƙaura. Na ce, "Tsoho, kai kaɗai za ka raya kogi?" Ya ce in je in dafa kofi.

Asibitin nan na kudu da suka ba ni aiki, na sake ce musu su jira. Wa zan bar wa Baba? Roƙona ɗaya: ka riƙa buga mini waya kafin ku saki ruwa.

Ƙanwarka,
Majken

*

Zuwa ga Majken,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba, na ga saƙonki. Sakin ruwa yana bin buƙatar wutar lantarki ne, sau da yawa mu kanmu ba ma sani sai lokacin ya yi. Akwai jiniya a bakin kogi saboda haka. Na kawo maganar a bar ɗan ruwa yana gudana kullum, an ce za a duba. Idan na matsa, wani za su ɗora a kujerata, wanda bai san ƙauyenmu ba. Ki hana Baba sauka kogi.

Ki huta lafiya,
Torbjörn

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Jiniya ka ce? Ka manta kunnen Baba ya mutu?

Ranar Talata ina haƙar dankali na ji kogi yana ruri. Kafin in kai gaɓa, Baba yana tsaye kan dutsen tsakiya, ruwa har ƙugu, bokiti a ka. Maƙwabciyarmu Gunvor ce ta tura kwalekwale. Da ta kama shi bai yarda ya shiga ba sai da ta fara karɓar bokitin.

Yana tari amma ya tashi. Yanzu kulle ƙofa nake yi, ni da shi a ciki. Yini yake a taga yana kallon duwatsu suna bushewa, ba ya yi mini magana. Asibitin sun ɗauki wata.

Sai na ji daga gare ka,
Majken

*

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ƙanwarka ta ɓoye mini takalma. Ba wannan ya sa na rubuto ba.

Ranar Talata da rana, da aka saki ruwa, kai ne a bakin aiki? Ba zan gaya mata ba.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka, Sixten