Dattijon da Ke Rage wa Tankina Abinci

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Wata biyu ke nan da aka ɗauke ni aiki na gwaji a masana'antar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tanki guda aka damƙa mini, cike da ƙananan halittun da ke fitar da maganin. Ba a tsayar da shi: ruwan sukari na shiga ta wannan bututu, ruwan magani na fita ta wancan. Ni kuwa ga tausayi, kullum da safe nakan ƙara buɗe musu famfo su ci su ƙoshi. Sai su yi ta hayayyafa, ruwan ya yi kauri, gwanin sha'awa.

To, akwai dattijon da ke karɓar aiki a hannuna da yamma, Baba Shiru muke ce masa, don ko gaisuwa da ka yake amsawa. Duk safiya sai in tarar an mayar da famfon baya. Har jan farce na ɗiga a jikinsa don in tabbatar, kuma wallahi juya shi ake yi. Awon maganina kullum ƙasa, nasa sama. An ce ɗan ƙanwarsa ya nemi gurbin nan bai samu ba. Zuciyata na gaya mini so yake a sallame ni kafin a tabbatar da ni ƙarshen wata. Na rubuta takardar ƙara, tana cikin jakata. In kai wa manaja?

Mai Jan Farce

'Yata, bar takardar nan a jaka tukuna. Na tambayi wata masaniyar harkar, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce halittun nan in sun ƙoshi, haihuwa kawai suka sani. Sai abinci ya ragu, hayayyafarsu ta lafa, sannan suke fitar da magani. In kuma famfon ya wuce kima, ruwan zai kwashe su waje gaba ɗaya. Tambayar farko da manaja zai yi miki ita ce wa ya ce ki buɗe.

Ban wanke Baba Shiru tas ba. Gyara a ɓoye har wata biyu ba koyarwa ba ce, kuma ban san gaskiyar zancen ɗan ƙanwa ba. Amma mai son a kore ki ai barin famfon zai yi yadda kika buɗe shi.

Gobe da yamma ki jira shi, ki gaishe shi da ladabi, ki ce: Baba, nuna mini inda ya kamata ya tsaya. A nan za ki ɗiga jan farcen naki. Allah ya sa a tabbatar da ke lafiya.