Tsohon da Kuka Bari a Kan Kwalta

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ya shirya gasar gudun kwalta ta garin Diffa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka ban gajiyar taro kai da mutanenka. Na zo ofishinku, aka ce kana ganawa. Na dawo, aka ce ka fita. Shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani.

Sunana Bukar. Mahaifina, Malam Kiyari, shekararsa hamsin da bakwai, yana cikin dattawa ukun da suka shiga gasarku ranar Asabar. Manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu kafin a tashe mu daga ƙauyenmu. Tun da muka dawo gari ya zauna a ƙofar gida, ba gona, ba fira, abinci ma sai an roƙe shi. Da hawan jini ya kama shi, likita ya ce ya riƙa tafiya bayan Asuba. Tafiyar ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. Mu dai mun ga ya fara cinye tuwonsa, har yana tsokanar jikoki.

Ka san garin nan. A nan idan aka ga babban mutum yana gudu shi kaɗai, ba a tambayar ina za shi, ana tambayar me ya koro shi. Saboda haka kafin ya fara, sai da ya bi unguwa gida-gida yana sanarwa kamar mai gayyatar suna: in kun gan ni da gudu kada ku tashi, lafiya lau ne. Mai shayin bakin titi kullum sai ya ɗaga murya, "Malam, amarya ce a gaba ko bashi ne a baya?" Baba ya yi dariya ya wuce. Haka ya yi ta yi, daga damina har aka fara shanyar tattasai, gwiwarsa ta hagu na kumbura, innarmu na gasa masa da ruwan zafi.

Ga abin da kuka yi masa.

Na ɗaya, riguna. Kun raba wa samari rigunan gasa masu launin ɗorawa da ake hangowa daga nesa. Da aka zo kan dattawa, yaronku ya ce sun ƙare, "Ku baba, ku bi baya kawai." Ba su ƙare ba. Na gan su da idona a jikin manyan baƙi, a ƙarƙashin rumfa, an ɗora su kan manyan riguna, kuma ba wanda ya yi taku ɗaya a cikinsu. Baba ya yi gudu da tsohuwar taguwarsa da dogon wando, don mutum mai jikoki ba ya buɗe gwiwa a titi.

Na biyu, kun tashi taro da mutane a kan hanya. Da samari suka gama shigowa aka ba da kyaututtuka, aka yi hoto, aka kwance igiya, motar rakiya ta juyo, aka buɗe titi. Ina wurin. Na ce wa mai riƙe da lasifika akwai sauran tsofaffi uku, ya ce rana ta yi, manya za su tashi. Biyu daga cikinsu sun gaji sun hau mota. Baba bai tsaya ba, domin bai san an gama ba.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci. Sai ga shi shi kaɗai a kan kwalta, yana tahowa daga gabas, ba riga mai launi, ba mota a bayansa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. A gefen hanyar akwai bukkokin ƴan gudun hijira, mutane irinmu. Wata mata ta hango shi ta fasa ihu. Mata suka suri yara, aka zubar da tukwane, wata tsohuwa ta faɗi ta buge ƙugu. A shingen shiga gari aka daka masa tsawa daga nesa, aka sa ya ɗaga taguwa har wuya ya nuna babu komai ɗaure a cikinsa, aka sa ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, numfashinsa bai ma dawo ba balle ya yi bayani. A haka na iske shi.

Ba na zargin masu tsaron shinge, aikinsu suka yi, kuma da suka gane har ruwa suka ba shi. Ba na zargin matan, sun san abin da suka baro. Ku ne kuka haifi ranar nan. Ku ma ƴan garin nan ne, ba baƙi ba, kun san abin da tsoho mai gudu yake nufi a wannan hanya.

Abin da ya fi ci masa rai ba durƙuson ba ne. Washegari ya ɗauki ɗan sukari da sabulu ya je gaida tsohuwar da ta faɗi. Ashe ƴar ƙauyen da ke gaba da namu ce, ta san mahaifiyarsa. Ta ce masa, "Kiyari, da girmanka?" Tun da ya dawo bai ƙara fita ba. Ya koma ƙofar gida. Innarmu ta kai kwano ta dawo da shi yadda ta kai.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ba ma son kyauta, bai ci ba. Ina so kai da kanka, ko wani babba a cikinku, ya zo ya ɗauki Baba da rana tsaka, ku je bukkokin nan tare, ka faɗa musu da bakinka cewa gasa ce, ku kuka kira shi, ku kuka manta da shi. Ni na faɗa, amma maganar ɗa ce a kan ubansa, ba ta da nauyi. Ku kuma duba tsohuwar, har yau da sanda take tashi. Sa'annan in za ku sake yi baɗi, ku ba kowa riga, kuma motar rakiya ta bi bayan na ƙarshe, ko da rarrafe yake. In ba za ku iya jiran tsofaffi ba, ku faɗa tun farko, kada ku rubuta sunansu.

Ban sani ba ko zai sake tashi. In Allah ya sa ya tashi, ku rubuta da ni. Ban iya gudu ba, ba na ma sonsa, amma zan bi bayansa, in ya so wanda za a sa ya ɗaga riga a shinge ya zama ni.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya kai ka shekarun mahaifina da ƙafafunka, ya ba ka masu jiran isowarka. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Bukar ɗan Malam Kiyari, Diffa